Harsashin nesa a jikin babban naman daji, me yasa wani lokaci yake kashewa nan take wani lokaci kuma ya bar dabba da wahala

Akwai musun da mafarauta masu harbin nesa suka daɗe suna yi kuma har yau bai mutu ba. Wani zai ce maka ya kayar da ƙaton naman daji daga yadi 700 da harsashi kaza, dabbar ko taku ɗaya bata ƙara ba, sai wani ya taso yace a'a wannan harsashin bashi da amana, shi a yadi 80 ya saka wa barewa shi a kafaɗa ya tarwatse a waje, ta shige daji da ƙafa uku ba'a sake ganinta ba. Su biyun kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Harsashi iri ɗaya ne, daga kwali iri ɗaya, amma gudun da ya iso da shi jikin dabbar ba ɗaya bane, kuma wannan gudun na isowa shine yake yanke hukuncin abinda harsashin zai yi a cikin nama. Lambar gudun da aka rubuta a jikin kwali ta bakin bindiga ce, ita dabba ba a bakin bindiga take tsaye ba.

Bari mu fara da yadda harsashi ke kashewa, don anan ne ruɗanin yake farowa. Hanya biyu ce kawai. Ko dai ya taɓa ƙwaƙwalwa ko lakar ƙashin baya dabba ta zube a wurin, ko kuma ya yaga huhu da zuciya da manyan jijiyoyin jini, jini ya tsiyaye, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, cikin 'yan sakanni dabbar ta faɗi. Ta farkon wurin saiti ƙarami ne sosai kuma kai baya zama wuri ɗaya, shi yasa mai hankali baya neman kai daga nesa, kuskure kaɗan sai ka fasa mata muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa bayan kwanaki. Ta biyun ita ce aikin yau da kullum, bayan kafaɗa, cikin haƙarƙari. To don ramin ya zama mai faɗin da zai zubar da jini da sauri dole bakin harsashin ya buɗe idan ya shiga, ya faɗaɗa kamar naman kaza, faɗinsa ya kusa ninka yadda ya fito. Wannan dabara ba sabuwa bace, tun a shekarun 1890 Turawan Ingila ke yin harsashi mai buɗewa a ma'aikatar Dum Dum kusa da Kalkata a Indiya, har yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani da irinsa a yaƙi. A farauta kuwa akasin haka ne, wurare da yawa doka ta hana harbin manyan namun daji da harsashi mai rufaffen baki irin na soja, saboda yana ratsawa ne ya bar siririn rami, dabba ta daɗe tana shan azaba.

Wani likitan tiyata na sojan Amurka, Martin Fackler, wanda ya jagoranci ɗakin binciken raunin harsashi a cibiyar Letterman da ke San Faransisko a shekarun 1980, shine ya fi kowa fayyace abinda ke faruwa a ciki. Ya raba rauni gida biyu. Akwai ramin da harsashi ya murƙushe ya yaga da jikinsa, wannan ramin yana nan har abada. Sannan akwai wani buɗewa na ɗan lokaci, nama ya watsu gefe ya dawo cikin ƙiftawar ido. Wannan na biyun shine ake gani a bidiyon talla, inda ake harbin wani dunƙulen jeli ya kumbura ya yi tsalle, mutane su ce kai wannan harsashin bala'i ne. Amma huhu da tsoka suna da talewa, suna iya miƙewa su dawo ba tare da sun yage sosai ba, hanta ce da ire-irenta marasa talewa suke fashewa. Kuma yayin da gudu ke raguwa wannan kumburin shine farkon abinda ke ja baya. Kaga kenan a nesa abinda ya rage maka shine ainihin ramin da harsashin ya yanka, idan bai buɗe ba to ramin bai wuce kaurin fensir ba.

Shi kuma buɗewar nan ba sihiri bane, ƙarfin karo ne ke yinsa. Nama da ruwan jiki su daki bakin harsashi, dalma ta lotse, rigar tagullar da ke lulluɓe da ita ta tsage ta naɗe baya. Idan gudun ya yi ƙasa da wani mataki ƙarfin bai isa ya lotsa komai ba. Idan kuma ya yi yawa fiye da yadda aka gina harsashin, rigar ta rabu da dalmar, komai ya wargaje a inci biyu ukun farko. Saboda haka kowane harsashi yanada iyaka ta sama da iyaka ta ƙasa, tsakaninsu ne yake aiki yadda aka tsara. Ga yawancin harsasan farauta na gargajiya iyakar ƙasan tana wajajen ƙafa 1,800 a sakan, wato kusan mita 550, kamfanin Nosler ma abinda yake bayarwa kenan ga harsasansa Partition da AccuBond. Iyakar saman ga harsashi mai laushi na dalma da siririyar riga tana fara matsowa ne idan aka doshi ƙafa 3,000 a sakan, musamman idan ƙashi ya tare shi.

Tarihin harsashin farauta na zamani ma daga matsalar iyakar sama ya taso. A 1946 John Nosler yana farauta a yankin British Columbia na Kanada da bindiga ƙirar .300 H&H, ya harbi mus, wannan ƙatuwar dabbar mai faffaɗan ƙaho ta ƙasashen sanyi, jikinta duk busasshen taɓo, harsasansa suka dinga fashewa a waje basa shiga. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai katanga a tsakiya, dalmar gaba ta buɗe ko ma ta watse, katangar ta tsayar da ɓarnar, dalmar baya ta ci gaba da tura shi ciki. Wannan shine Partition, a 1948 ya fara sayarwa, kuma har yau ana auna sauran harsasai da shi. Daga baya aka zo da dabarar manne dalma da riga ta yadda basa rabuwa, irin su Swift A-Frame da AccuBond, sannan a ƙarshen shekarun 1980 Randy Brooks na kamfanin Barnes ya fito da harsashin tagulla zalla babu dalma ko kaɗan. Duk waɗannan amsa ce ga tambaya ɗaya, yaya za'a yi harsashi ya jure karo mai tsanani. Sai harbin nesa ya zo ya juya tambayar, yanzu ana neman wanda zai buɗe bayan ya gaji.

Anan ne injiniyoyi suka shiga tsaka mai wuya, kuma ni a ganina wannan shine zuciyar maganar. Don harsashi ya riƙe gudunsa zuwa nesa dole ya zama dogo, siriri, mai tsini sosai, gindinsa a tsuke. Ana auna wannan iya keta iskar da wata lamba da ake kira BC, idan ta yi sama harsashi baya saurin gajiya kuma iska bata ture shi da yawa. Amma tsinin nan da ke taimaka masa a iska shine ke hana shi buɗewa a nama, domin harsashi mai faɗin baki da dalma a waje shi ya fi saurin lotsewa. Abinda iska ke so daban, abinda nama ke so daban. Dabarar da aka fi amfani da ita wajen sasanta su ita ce a bar rami a bakin harsashin a toshe shi da ɗan tsinin roba mai tauri, a iska robar ta bashi tsini, a nama kuma ko ta koma ciki ta tsaga bakin ko ta karye ta bar ramin a buɗe ruwa ya shiga. Sannan a sirance rigar a gaba, a kauraranta a baya. Kamfanin Hornady da suka fito da harsashin ELD-X a 2015 sun ce da suka bi harsasai da na'urar rada sun gano zafin gogayya da iska yana lalata tsinin robar a tafiya mai nisa, shi yasa suka canza irin robar. Su da kansu suna cewa a kusa ELD-X yana riƙe wajen kashi 50 zuwa 60 na nauyinsa, a nesa kuma kashi 85 zuwa 90, kuma yana buɗewa har zuwa ƙafa 1,600 a sakan. Ka lura da wannan, kamfanin da bakinsa yake gaya maka harsashin halinsa biyu ne, na kusa daban na nesa daban. Nosler kuma suka ce AccuBond Long Range ɗinsu yana buɗewa har a ƙafa 1,300.

Sai dai kalmar "yana buɗewa" tana ɓoye abu da yawa. Idan ka ga harsashin da aka ciro bayan ya daki jeli a kan iyakarsa ta ƙasa, zaka ga bakin ne kawai ya ɗan yamutse, faɗinsa da ƙyar ya wuce na jikinsa, sauran dogon jikin yana nan sumul har da zanen da bututun bindiga ya yi masa. Ka ajiye shi kusa da ɗan'uwansa da ya daki abu a ƙafa 2,400, wannan ya naɗe har rabin jiki, gefensa kaca-kaca da kaifi, dalma ta bazu fari-fari a samansa. A takarda duka biyun sun buɗe, a cikin huhun dabba mai kilo 300 kuwa ba aiki ɗaya suka yi ba. Shi yasa ƙwararrun mafarauta da yawa suke ƙara ƙafa 200 ko fiye a kan lambar kamfani su mayar da ita iyakarsu, kuma ina ganin sune da gaskiya.

Mu ɗauki misali da lamba don abin ya zauna. Samfurin harsashin nan 6.5 Creedmoor, wanda Hornady suka fitar a 2007 kuma ya cika kasuwa, da harsashi mai nauyin giren 143, wato giram 9 da ɗan ɗoriya, yana barin bindiga da ƙafa 2,700 a sakan. A yadi 500 ya sauko wajen 2,030. Kafin ya kai yadi 700 ya riga ya taɓa 1,800, idan a ƙasa kake kusa da matakin teku. Idan ka hau tsauni inda iska ta yi sirara zai riƙe gudu fiye da haka, idan ana tsananin sanyi iska ta yi kauri kuma wani albarushin yana rage ƙarfi. Sannan lambar kwalin da dogon bututu aka gwada ta, galibi inci 24, kai kuma wataƙila taka inci 20 ce, duk incin da aka rage kana asarar wajen ƙafa 20 zuwa 30. To mutumin da bai taɓa auna gudun bindigarsa da na'ura ba, yana lissafi da lambar kwali, zai iya zaton yana cikin iyaka alhali ya wuce ta da yadi 50 ko sama. Manyan irin su .300 Winchester Magnum na 1963, ko 7mm PRC na 2022 da ke tura giren 175 a ƙafa 3,000, abinda suke saya maka shine su tura wannan iyakar gaba. Amma kuɗin da kake biya shine dukan da bindiga ke yi wa kafaɗarka, da kuma haɗarin ɗaya gefen.

Ɗaya gefen shine dabba bata san ka shirya harbin yadi 600 ba. Kana tafe sai ga gwanki ko elk, wato ƙatuwar barewar Arewacin Amurka, ya ɓullo a yadi 60, ya ɗan juyo da ƙirji gareka, harsashinka kuma mai siririyar riga ne da aka yi don ya buɗe a gajiye, yanzu zai daki mahaɗar kafaɗa da kusan dukkan gudunsa. Abinda masu fiɗa ke gani a irin wannan bashi da daɗin kallo, rami mai faɗin tafin hannu a waje, naman kafaɗa ya koma baƙi-baƙi da daskararren jini, gutsattsarin tagulla maƙale a ƙashi, huhun gefe ɗaya ya samu rauni ɗayan kuma lafiya lau. Babbar dabba da huhu ɗaya tana iya tafiya mai nisan gaske. Wannan shine labarin mutumin yadi 80 ɗin can, harsashin bai ci amanarsa ba, an kai shi ne inda ba'a gina shi don wurin ba.

Akwai kuma mazhaba guda da ta ce wargajewar ma ita ake nema. Masu Berger kenan, kamfanin da Walt Berger ya kafa, wanda Bryan Litz ya yi suna a matsayin masanin tafiyar harsashinsu. Harsashinsu na VLD bashi da roba, ɗan ƙaramin rami ne a tsini da siririyar riga, kuma bayaninsu shine yana shiga inci 2 zuwa 3 kafin ya fara, sannan ya zubar da kashi 40 zuwa sama da 80 na nauyinsa a cikin ƙirji. Idan abin ya tafi daidai, a haƙarƙari dabba na tsaye a gicciye, gaskiya babu mai kashewa da sauri kamarsa, huhu narkewa yake yi. Matsalata da shi ita ce ya dogara da abubuwa da yawa su zo daidai. Ramin tsinin ƙarami ne, idan ya toshe ko ya lanƙwashe a aljihu ko a gidan harsashi zai iya ratsawa bai buɗe ba, shi yasa masu amfani da shi suke duba kowane tsini da allura kafin su fita. Kuma sau da yawa baya fita ta ɗaya gefen. Su kuma harsasan gasar harbi da wasu ke ɗauka farauta saboda sun fi daidaito, irin Sierra MatchKing, kamfanin Sierra da kansa bai ba da shawarar a yi farautar manyan dabbobi da su ba, don ba'a ƙera su don buɗewa ba, abinda suka yi a nama sa'a ce kawai ta ranar.

Maganar fita ta ɗaya gefen ba ƙarama bace, kuma a nesa ta fi nauyi. Ramin shiga ƙarami ne, fata da kitse da gashi suna rufe shi, jini ya taru a ciki. Ramin fita ne ke zubar da jini a ƙasa ya bar maka abin bi. Yanzu ka yi harbi daga wannan tsaunin zuwa wancan, tsakaninku kwazazzabo, kafin ka sauka ka hau ka isa an ɗau lokaci, kuma wurin da ka gani ta madubin saiti idan ka isa duk duwatsun da bishiyoyin sun zama iri ɗaya, gano inda dabbar ta tsaya ma aiki ne. Idan babu ɗigon jini, ga magariba ta kawo kai, to sai dai addu'a. Dabbar tana iya kasancewa matacciya a yadi 150 cikin ƙurmi ta ruɓe a banza. Wannan dalilin ne yasa ni na fi karkata ga harsashin da aka manne dalmarsa da riga idan dabbar babba ce, irin AccuBond Long Range ko Terminal Ascent na Federal da ya fito a 2020, gabansu da laushi bayansu da tauri, ba su ne zakaru a kowane fanni ba amma sun fi yafe kuskure a gefe biyun.

Na tagulla zalla kuma nasu halin daban. Idan suka buɗe bakin yana tsagewa gida huɗu ya lanƙwashe baya da kaifi, nauyinsu kusan baya raguwa, suna fasa ƙashi su wuce, kusan kullum akwai ramin fita, kuma basa barin burbushin dalma a naman da iyali za su ci. Wannan na ƙarshen ya sa doka ta shigo, jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli 2019, babban dalilin shine wata ƙatuwar ungulu tasu mai suna kondo da ke mutuwa saboda cin kayan cikin da mafarauta ke bari, Denmak ma ta hana shi a bindigar farauta daga Afrilu 2024. Amma tagulla ta fi dalma tauri kuma bata kai ta nauyi ba, dalma giram 11.3 ce a kowane santimita kubik, tagulla wajen 9. Saboda haka harsashin tagulla sai ya fi tsayi kafin ya kai nauyi ɗaya, yana buƙatar bututu mai saurin murɗawa, galibi BC ɗinsa bai kai na dalma ba, kuma yana son gudu kafin ya buɗe sosai. Wato yana saurin gajiya kuma gajiyar ta fi cutar da shi. Barnes sun yi LRX don rage wannan, duk da haka masu gogewa suna son ya iso da ƙafa 2,000 ko sama. Da tagulla gara ka rage nauyi ka ƙara gudu, ka rage nisa, ka kuma nemi kafaɗa da gangan.

Sai maganar kuzarin harsashi, wanda ake aunawa da jul, wadda mutane suka ɗauka kamar ita ce komai. A Jamus doka ce, don harbin ƙaramar barewarsu sai harsashi yanada jul 1,000 a mita 100, sauran masu kofato kuma jul 2,000 da faɗin da bai gaza milimita 6.5 ba. A Amurka akwai ƙa'idar baka da aka gada wadda ta yi daidai da wajen jul 1,350 ga barewa da 2,000 ga elk. Ba laifi a matsayin ma'auni na farko, kuma yana tuna maka abu mai muhimmanci, idan gudu ya ragu da rabi kuzari kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Creedmoor ɗin can yana fita da jul sama da 3,100, a yadi 500 saura wajen 1,750, a 700 wajen 1,400. Amma kuzari shi kaɗai baya kashewa. Kibiyar bakan zamani jul ɗinta wajen 100 ne kacal, kuma tana ratsa elk ta fita ya faɗi, saboda tana yanka abinda ya kamata. Harsashi mai jul 2,000 da ya ratsa tumbi bai yi rabin aikin wannan kibiyar ba. Masu kawo labarin W.D.M. Bell, Baturen Sikotlan da ya kashe giwaye wajen 1,000 a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da ƙaramin harsashi samfurin 7x57, suna so su nuna ƙaramin harsashi ya isa komai, amma suna mantawa shi da dogon harsashi mai nauyi marar buɗewa yake harbi, a ƙwaƙwalwa, daga kusa, bayan ya fasa ƙoƙunan giwa ya nazarci inda ƙwaƙwalwar take. Darasinsa na wurin saiti ne da zurfin shiga, babu ruwansa da harbin nesa. Kuma ko yau babu mai jagoran farauta na kirki da zai bari ka harbi ɓauna ko giwa daga nesa, ƙasashen Afirka da dama harsashi mai faɗin inci .375 suka sa mafi ƙaranci ga irin waɗannan, kuma matsowa ake yi kusa, don ɓaunar da aka raunata ta shiga ciyawa ran wani ne zai shiga haɗari wajen binta.

Duk wannan bayanin kuma ya ginu ne a kan cewa harsashin ya sauka inda aka nufa, alhali a nesa nan ne aka fi faɗuwa. Wurin kisa a ƙirjin barewa bai wuce faɗin santimita 20 zuwa 25 ba, na elk wajen 35 zuwa 40. Bindigar da ke tara harsasanta cikin santimita 3 a mita 100, wadda ake kira mai kyau, a mita 600 ta bazu zuwa 17 ko 18, wannan a kan teburi ne fa, babu haki, babu bugun zuciya, babu dutse a ƙarƙashin gwiwar hannu. Faɗuwar harsashi ba ita ce babbar matsala ba yanzu, na'urar auna nisa da manhajar lissafi sun magance ta. Iska ce. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture Creedmoor ɗin nan kusan santimita 40 a yadi 500, kusan 80 a yadi 700. Kana iya gyara mata idan ka san gudunta, amma na'urarka iskar inda kake kwance kawai take aunawa, ta cikin kwarin da ke tsakani sai dai ka karanta ta a ciyawa da rawar zafi. Ka yi kuskuren kilomita 5 kawai a awa a yadi 700, ka kauce da wajen santimita 25, daga huhu ka koma hanji. Sannan tafiyar da kanta tana cin kusan sakan ɗaya. Ba ƙarar bindiga ce za ta razana dabbar ba, harsashi yana riga ƙarar isa, abin shine dabbar da ke kiwo bata da alƙawari da kai, ka ja kunama ita kuma ta ga ganye a gaba ta ɗaga ƙafa. Wannan babu gwanintar da ke maganinsa. Ƙungiyar mafarautan Amurka ta Boone and Crockett da Theodore Roosevelt ya kafa a 1887 ta fito ta nuna damuwarta a kan wannan salo, matsayinta dai shine idan nisan ya zama shine abin alfahari, har mutum baya ƙoƙarin matsowa, to ya bar farauta ya koma gwada harbi a jikin mai rai. Ni ma nan nake, bidiyon da ake yaɗawa na wanda ya faɗi ne, wanda ya tafi da harsashi a ciki babu mai ɗora nasa.

Idan mutum na so ya san iyakarsa ta gaskiya hanyar a fili take. Ya auna gudun bindigarsa da na'ura, ya saka a manhaja tare da tsayin wurin da zai je da yanayin sanyinsa, ya ga a wane nisa harsashin ke sauka ƙasa da gudun da yake buɗewa sosai, ba lambar talla ba. Sannan ya kafa faranti mai faɗin ƙirjin dabbar, ya harbe shi a kwance a ƙasa ko a kan jaka yadda zai yi a daji, da bindiga mai sanyi, harbin farko kawai ake ƙirgawa, a ranaku daban-daban har da masu iska, nisan da ya daina samunsa kusan kowane lokaci shine lamba ta biyu. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikin biyun ita ce tasa, kuma ga mafi yawan mutane ta biyun ce ke fara tsayar da su, tun harsashin yana da sauran gudu mai yawa. Ya kuma gwada harsashin a kusa, ko a jarkokin ruwa da aka jera ko jiƙaƙƙun jaridu da aka ɗaure, ya ciro shi ya auna nauyinsa ya ga ko rigar ta rabu da dalmar, idan ta rabu to ya san a yadi 60 haƙarƙari zai nema, ya bar kafaɗa.